Gyalen fulkari a kasuwar Garwa: abin da takardar gwaji ta faɗa da abin da ta yi shiru a kai

Tun bayan ƙaramar salla mata ke tare ni a gidajen biki da tambaya ɗaya: gyalen Indiyan nan mai cike da surfani da wata Hajja ke sayarwa a babbar kasuwar Garwa, nan arewacin Kamaru, wanda ake cewa da takardar gwaji yake zuwa, ya ci kuɗinsa kuwa? Ni ake tambaya saboda allura ce sana'ata, da surfanin hula da wuyan riga na rufa wa kaina asiri. Na saya, na yafa, na wanke, na shanya, don haka abin da idona ya gani zan faɗa. Kayan Hajja na kirki ne, kuma a duk layin 'yan yadi ita kaɗai na taɓa gani tana miƙa wa mai saye takarda tun bai tambaya ba. Sai dai takardar nan ba duk gyalen da ke rataye a shagon take magana a kai ba. Wannan nake so 'yan uwana su gane kafin su zuba kuɗin lefe.

Aikin sunansa fulkari, a jikin leda Phulkari suke rubutawa. Na matan Panjab ne, ƙasar da aka raba tsakanin Indiya da Pakistan a 1947. A da ba don kasuwa ake yin sa ba: uwa da kaka ke zaunawa su ɗinka wa yarinya tun tana ƙarama, su adana sai ranar aurenta. Akwai wani mai suna chope wanda kakar amarya ta wajen uwa ce ke bayar da shi. Ƙyallen asali khaddar ne, auduga kaɗin hannu saƙar hannu, mai kauri, yawanci rinin ja mai duhu, a saƙa shi ƙwarya-ƙwarya sannan a harhaɗa biyu ko uku, yadda masaƙanmu ke haɗa saƙi. Zaren kuwa siliki ne da ba a murɗa ba, suna ce masa pat. Idan furannin sun warwatsu ana hango ƙyalle tsakaninsu, fulkari ke nan; idan zare ya rufe ƙyallen ruf har ba a ganin sa, sai su ce bagh. Garin Patiala ne cibiyar cinikin a yau, daga can Hajja ke saro nata, kuma tsakanin 2010 da 2011 Indiya ta yi wa sunan rajista a matsayin sana'ar jihohin Panjab da Hariyana da Rajastan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na mai allura shi ne, ta bayan ƙyalle ake ɗinkin. Mai ɗinki ba ta ganin fuskar aikinta, ƙirga zaren saƙa take yi: ta tsallake masu yawa, ta ɗauki guda, ta sake tsallakewa. Shi ya sa a fuska zare ke kwance dogo-dogo yana sheƙi, a baya kuwa ɗige-ɗige ne kawai a jere. Kuma da launi ɗaya take fitar da launi uku, don wani layin a kwance ta ja shi, wani a tsaye, wani a karkace, haske ya faɗa wa kowanne daban. Na ɗauki babban bagh ɗin da ke shagon na fita da shi bakin ƙofa, ina juya shi a hankali: ruwan zinare ya koma ruwan zuma, ya koma kusan fari, alhali zare ɗaya ne. Wanda bai taɓa ƙirga zare da fitila ba, ba zai san yawan idon da aka ƙarar a wurin nan ba. A wata kusurwa na ga ɗan fure guda baƙi a tsakiyar masu ruwan zinare. Wata mai saye da ke kusa da ni ta ce aibi ne, a rage mata kuɗi. Ba aibi ba ne, da gangan matan can ke saka shi, a al'adarsu wai maganin kambun baka ne. Mu dai addu'a muka riƙe, amma kada wata ta mayar da kaya saboda shi.

Kashi uku ne kayan shagon, ko da yake yaron shago duka "siliki" yake ce musu, wanda kuma shi ne laifi na farko da na kama. Na ƙasa ɗinkin inji ne a kan yadi mai shara-shara, jaka 7 zuwa 8 na sefa. Juya bayansa kawai: za ki ga zare ya cika baya kamar yadda ya cika gaba, ga farin zaren ƙasa na keke yana bin kowane fure, furannin kuma duk kansu ɗaya, babu wanda ya ɗara wani. Na tsakiya, wanda na saya jaka 28, aikin hannu ne a kan auduga marar nauyi, amma ba ƙirga zare aka yi ba, an buga zane da shuɗin tawada ne aka bi, idan kika buɗa zaren da farce za ki ga sawun tawadar. Wannan ba ha'inci ba ne, haka akasarin fulkarin kasuwa yake yanzu. Na sama shi ne bagh na khaddar da siliki, guda biyu rak ta kawo, kowanne ya haura jaka 150.

Na roƙi Hajja ta yanko mini 'yan silallan zare daga gefen kowane kashi, ta kuwa yi ba musu. A bayan shagon na ƙyasta ashana. Zaren na inji ya nannaɗe yana gudun wuta, ya narke, ya bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri da ba ya murƙushewa: roba ce, foliyesta. Na tsakiya ya kama da sauri, ya ci gaba da ci ko bayan na janye ashanar, ƙaurinsa na takarda, tokarsa 'yar kaɗan mai laushi: biskos ke nan, wanda 'yan kasuwar Indiya ke kira silikin kwaikwayo, daga ɓargon itace ake yin sa. Na bagh ɗin ya ci a hankali, ya mutu da kansa, ƙaurin gashi ya tashi, na murza dunƙulen da yatsa ya zama gari. Shi kaɗai ne siliki. Hajja ta kira yaron ta ce, "Ka gani da idonka. Daga yau kada ka ƙara ce wa kowa siliki sai waɗancan biyun." Na ji daɗin wannan ƙwarai. Biskos ba abin kunya ba ne, yana da sheƙi, ba ya riƙe zafi kamar roba, amma a faɗa wa mutum abin da yake saye. Ga wadda za ta kashe kuɗin siliki, Indiya na da tambarin Silk Mark da ake maƙala wa silikin gaske tun 2004. Na shagon ba su da shi, wuta ce ta ba da shaida.

To, sai takarda. Shafi uku ce, da Ingilishi, mu kuwa nan Faransanci aka koya wa yaranmu, don haka yawancin masu saye hatimin kawai suke kallo su gyaɗa kai. Na ɗauki hotonta na aika wa ɗan Addata, wato yayata, da ya karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ngaundare, muka bi ta layi-layi ta waya. Daga wani ɗakin gwaji na Indiya ta fito, mai ɗauke da tambarin NABL, hukumar da ke tantance ɗakunan gwaji a can. Ya ce, "Goggo, fara duba wannan tambarin da lambar rahoto da kwanan wata. Takardar da ba ta da su, kamfani ne kawai ke yabon kansa."

Abu na farko da aka gwada shi ne rinin azo. Yawancin rinin zamani na wannan dangin ne, kuma akasarinsu ba su da wata illa. Amma akwai kaɗan a ciki da idan suka daɗe a jikin fata, ga zufa ga ƙwayoyin bakteriya da ke fatar, sukan rabe su saki wasu sinadarai, irin su benzidin, waɗanda aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara. A jikin ma'aikatan masana'antar rini aka fara gano hakan, su da ke cuɗanya da shi kullum. Ba wai yafa gyale sau ɗaya zai kwantar da mutum ba. Jamus ce ta fara hana su a 1994, Indiya ta haramta guda 70 a 1997, Tarayyar Turai kuma a 2002 ta jera sinadarai 22 ta ce kada ɗayansu ya wuce miligiram 30 a kilo guda na tufa mai taɓa fata. Takardar Hajja ta ce ba a sami ko ɗaya ba. Gyale kuwa a wuya yake kwana, a kumatu, a hammata, wani lokaci har a rufe jariri da shi, don haka wannan layin shi ne ya fi kowanne daraja a wurina, kuma shi ne wanda babu yadda za a yi in gwada a gida. Ba ya wari, ba ya canza launi, ashana ba ta nuna shi.

Na biyu fomaldehaid, ɗan uwan fomalin, wanda ake sa wa yadi don kada ya yamutse ko don rini ya zauna. Shi ne wani lokaci ke sa sabon yadi ya riƙa yaji a ido da hanci idan an buɗe dila, kuma yana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Ƙa'idar OEKO-TEX ta gwajin lafiyar tufafi, wadda ake aiki da ita tun 1992, ta tsayar da miligiram 75 a kilo ga tufa mai taɓa fata, na jarirai kuwa ba a so a gano shi sam. Nan ma gyalen ya tsallake. An kuma auna tsaminsa, ya faɗa cikin iyakar da ake so, wato 4.0 zuwa 7.5.

Sai maganar zuba, wadda ita ce mata suka fi damuwa da ita. Maki ake bayarwa daga 1 zuwa 5: 5 bai motsa ba, 1 ya lalace. A gwajin wanki, suna ɗinke guntun gyalen da wani farin ƙyalle mai zare iri shida, su wanke tare, su duba wanne ya ɗauki launi. A gwajin guga kuwa, wata na'ura ce ke goga farin ƙyallen auduga a kai sau 10, busasshe da jiƙaƙƙe. Takardar ta ba da 4 a wanki, 4 a busasshiyar guga, 3 a jiƙaƙƙiya. Ɗan Addata ya ce ga jan rini mai duhu 3 a jiƙe ba abin tashin hankali ba ne, ja da baƙi sun saba haka.

Har nan komai lafiya. Matsalar tana saman shafi na farko, wurin da aka kwatanta abin da aka kai gwaji: jan ƙyalle mai duhu, da zare ruwan zinare. Shi ke nan. Har da hotonsa. A shagon kuwa akwai kore, akwai ruwan hoda mai ƙarfi, akwai shuɗi, akwai ruwan lemo, wani gyalen ma launi bakwai ne a jikinsa. Kowane launi rininsa daban, wataƙila ma marinarsa daban, don masu ɗinki a kasuwa suke sayen zare curi-curi. Tsarkin jan ƙyalle bai wanke ruwan hodar zare ba. Ga shi kuma kwanan watan takardar ya girmi dilar da Hajja ta buɗe bana da fiye da shekara. Kashi na ƙasa, na inji, bai ma shiga maganar ba sam, daga wani dillali daban ya fito, amma da yake a rataye suke wuri ɗaya kuma takardar na manne a bango sama da su duka, kowa ɗauka yake ta haɗa da shi.

Gyalena fari-fari ne mai furanni ruwan hoda da kore da ruwan zinare. Kafin in sa shi a ruwa na jiƙa farin hankici na naɗe a yatsa na goga kowane launi shi kaɗai. Ruwan zinare bai bar komai ba. Kore ya bar ɗan alama da sai an ƙura ido. Ruwan hoda kuwa ya ɓata hankicin sarai. Ranar sunan jikar maƙwabciyata na yafa shi a kan farar shadda, ana tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40 kuma iskar Binuwai ba ta kawo komai sai turiri. Da na dawo gida, wuyan rigar da kafaɗa sun yi jirwaye ruwan hoda, sawun furannin a fili. Shaddar ta fita bayan jiƙo, amma da ƙyar.

Akwai gwaji na musamman don wannan, kuma ba ya cikin takardar. Ana jiƙa ƙyalle da zufar haɗi, iri biyu, mai tsami da marar tsami, a matse shi da farin ƙyalle a zafin jikin mutum, digiri 37, har awa 4. Akwai kuma gwajin rana, da wata fitila mai ƙarfi, makinsa daga 1 zuwa 8. Shi ma babu. Ban ga laifin ɗakin gwajin ba, abin da aka biya aka ce su duba shi suka duba. Amma mai kaya da ke aikowa ƙasar da zufa da rana suka fi wanki cin tufa, waɗannan biyun ya kamata ya fara biya. Na yi nawa gwajin ranar: na rufe rabin wani gefe da kwali na bar shi a kan igiya. Ruwan zinare da kore sun riƙe, ruwan hodar ya ɗan koɗe har ana ganin iyaka. Wadda ta saya ta shanya a inuwa, ta juya bayansa waje.

Na mayar wa Hajja da maganar, na kai mata hankicin. Ba ta yi gardama ba, ba ta ce wankina ne ba shi da kyau ba, abin da na saba ji a wasu shaguna. Ta ce, "Malama, ni ma abin da aka ba ni na manna, ban san launi ɗaya aka gwada ba." Na yarda da ita. Ta ce in zaɓi wani ko ta mayar mini da kuɗina. Na zaɓi ja mai ruwan zinare, wato ainihin irin wanda ke cikin takardar, kuma shi ban ga aibinsa ba: ruwan wankin farko ya ɗan yi ja, na gaba ya fito garau, farin hankici bai ɗauki wani abin kirki ba, wuyana bai yi ƙaiƙayi ba. Ɗinkinsa a cike yake, gefensa a kalmashe da kyau, faɗinsa ya isa mace ta rufe jikinta sosai, ba irin 'yan siraran gyalen nan ba.

Akwai ƙananan abubuwa da zan ambata a gurguje. Babu ko gyale ɗaya mai ɗauke da alamar irin zarensa ko yadda ake wanke shi. Wasu na inji an manna musu ƙananan madubai da gam maimakon a ɗaure su da zare. Na ɓanɓare ɗaya da farce cikin sauƙi, kuma mai goyo ta san inda irin wannan ke ƙarewa, bakin yaro. Wurin shagon matsattse ne, fitilarsa mai launin shuɗi-shuɗi ce, ki fita da kaya waje ki ga launinsa na gaskiya. Farashi ba ta cika ragewa, amma ba ta yi wa baƙo wani kuɗi ɗan gari wani.

Wajen kula da shi, zaren da ba a murɗa ba saurin tsirgewa gare shi, zobe ko ɗan kunne ko kaushin hannu na iya jan sa. Biskos kuma ƙarfinsa raguwa yake sosai idan ya jiƙe, don haka ba a cuɗa shi, ba a murɗe shi. Ruwan sanyi, sabulu marar ƙarfi, a tsoma a ɗaga, a naɗe cikin tawul. Ruwan jabel, wato bilic, kada ya kusance shi, siliki ma narkar da shi yake yi. Guga ta baya, da ƙyalle a tsakani. Kuma kowane sabon gyale, mai takarda da marar takarda, a ɗauraye shi kafin ya taɓa fata; hakan na rage fomaldehaid da rinin da bai zauna ba, ko da yake ba ya mayar da haramtaccen rini halattacce.

Wani abu na tsaya mini a rai. Mu nan auduga muke nomawa, hedikwatar Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, a garin nan take, mun san zare, mun san rini tun kaka da kakanni. Amma na kai wannan shekarun ina sayen zaren surfani kala-kala a kasuwa, ina lasar bakinsa in zura a allura, ban taɓa ganin takardar gwajin ko curi ɗaya ba. Matan Patiala da ke duƙe a kan wannan aiki su ma haka suke yi, kuma su ne rinin ya fi daɗewa a hannunsu, ba mu masu yafawa ba. Ina fatan ANOR, hukumar ingancin kaya ta Kamaru, ta sa ido a kan rinin yadi da zare da ke shigowa, namu da na waje duka.

Ga mai haɗa lefe, shawarata ta ɗauki na tsakiya, ja da ruwan zinare, shi ne kuɗinsa da ingancinsa suka yi daidai kuma shi ne takarda ta tsaya masa. Mai son launuka da yawa ta tafi da farin hankici da ɗan ruwa a gora, Hajja na barin a goga a gefe. Na inji ya yi wa 'yan mata na zuwa biki, amma ba zan ɗora shi a kan farar riga ba, ba zan kuma rufe jariri da shi ba. Bagh ɗin siliki na wadda Allah ya hore wa ne, kuma ya cancanci kuɗinsa.

Hajja za ta saro sabbin kaya kafin babbar salla. Mun zauna da ɗan Addata mun rubuta mata abin da za ta nema wurin mai kayan: a gwada kowane launin zare daban, musamman ruwan hoda da kore da baƙi, a ƙara gwajin zufa da na rana, rahoton ya ɗauki lambar dilar da za a aiko, kowane gyale ya zo da alamar irin zarensa. Mai kayan ya amsa cewa zai yi, amma kuɗin gwajin zai hau kan farashi, Hajja kuma ta ce a yi. Kafin nan ta sauke takardar daga bango ta maƙala ta a jikin ja mai ruwan zinare kaɗai, kuma ta ba da a fassara ta da Faransanci.